Yaƙi a Kan Tebur: Yadda Ake Maimaita Yaƙe-yaƙen Tarihi da Ƙananan Sojojin Dalma

Akwai wani wasa da manyan mutane suke yi a Ingila da Amurka da wasu ƙasashen Turai, wanda mai hange daga nesa zai ɗauka shiriritar yara ce, alhali masu yinsa sukan shafe watanni suna karatun tarihi kafin su zauna a kansa. Ana shimfiɗa tebur, galibi mai tsawon ƙafa shida da faɗin ƙafa huɗu, a mayar da shi filin daga, da tuddai da ƙoramu da itatuwa da gidaje, sannan a jera ƙananan sojoji na dalma ko na roba waɗanda aka yi wa fenti da hannu ɗaya bayan ɗaya. Mutum biyu ko fiye sai su raba rundunonin, kowa ya hau matsayin sarkin yaƙi, a sake gwabza wani yaƙi da aka yi tun kaka da kakanni, ana auna tafiya da tef, ana yanke hukunci da ɗan lido, bisa ƙa'idojin da aka rubuta a littafi.

Abin ya cancanci mai karatu na Kabi ko Zamfara ya tsaya a kansa, domin ƙasar da muke noma a yau cike take da filayen daga. Daga Surame ta Kanta zuwa Alwasa da Gwandu da Argungu, daga Zurmi zuwa Kwatarkwashi, kusan kowane yaro ya ji sunan wanda ya yi nasara da wanda aka kora. Abin da ba kasafai ake tambaya ba shi ne ta yaya aka yi nasarar: nisan da ke tsakanin rundunonin, inda ruwa yake, irin ƙasar da dawaki suka taka, da tsawon lokacin da saƙon sarkin yaƙi yake ɗauka kafin ya kai ga na gefe. Tebur ba ya barin mutum ya tsallake waɗannan tambayoyi, domin kowane soja dole a ajiye shi a wani wuri takamaimai.

Asalin wasan ba nishaɗi ba ne. A shekarar 1824 wani ƙaramin hafsa na sojan Purushiya, wadda take cikin Jamus ta yanzu, mai suna Georg von Reisswitz, ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙirƙira, ya gabatar da shi ga shugabannin soja. Ana yinsa a kan taswirar ƙasa ta gaske, da ƙananan gutattsarin ƙarfe masu launin ja da shuɗi a madadin bataliyoyi, kowane zagaye yana wakiltar minti biyu na yaƙi, kuma akwai alƙali a tsakiya wanda shi kaɗai yake ganin komai. Kwamanda yakan rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙali, shi kuma ya motsa rundunar, ya gaya wa kowane ɓangare abin da idon sojansa zai iya gani kawai. Babban hafsan hafsoshi na lokacin, Janar von Müffling, ya yaba da shi a matsayin horon yaƙi, aka baza shi cikin rundunar. Bayan Purushiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sojojin wasu ƙasashe suka shiga kwaikwayo.

Farar hula sun shigo daga baya. A 1893 kamfanin William Britain na Landan ya fara zuba sojojin dalma masu rami a ciki, abin da ya sa suka yi araha, kuma a 1913 marubucin nan H. G. Wells ya buga ƙa'idojin wasa da su a littafinsa Little Wars, inda ake harbin soja da 'yar igwa mai sifirin, wanda ya faɗi ya mutu ke nan. Wasan ya ɗauki siffarsa ta yanzu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ta hannun mutane irin su Jack Scruby a Amurka da Donald Featherstone a Ingila, wanda littafinsa na 1962 ya jawo jama'a da yawa. A yau birnin Notinham ya zama cibiyar kamfanonin da ke ƙera waɗannan sojoji, ciki har da Perry Miniatures da Warlord Games.

Sojojin suna zuwa ba fenti, kuma ana sanin girmansu da milimita: akwai na 6, na 15, na 28, har na 54. Na milimita 28, wanda ya fi farin jini, bai kai tsawon gaɓa biyu na ɗan yatsa ba. Mai fenti yakan fara da kankare layin da mazubi ya bari a jikin sojan da 'yar wuƙa, ya wanke shi da sabulu don maiƙo ya fita, ya fesa masa shafen farko baƙi ko fari domin sauran launuka su kama. Daga nan sai ya bi da buroshi mai bakin allura, fata daban, riga daban, ɗamara da kube daban. Sai ya tsinka fenti mai duhu har ya koma kamar ruwan shayi, ya shafe sojan gaba ɗaya, ruwan ya gangara ya kwanta a cikin ninkin riga da tsakanin yatsu, nan take siffar ta fito. Bayan ya bushe, sai ya ɗebo launi mai haske, ya goge buroshin a tsumma har ya kusa bushewa, ya shafa sama-sama don gefen rawani da bakin takobi su yi haske. A ƙarshe ana manna sojoji uku ko huɗu a kan ɗan falle na katako, a barbaɗa yashi da ciyawar roba. Soja ɗaya yana iya cin sa'a guda, runduna kuwa tana iya kai ɗaruruwa. Wanda zai gwada a Gusau ko Birnin Kabi ya sani cewa fentin ruwa yana bushewa a bakin buroshi cikin ɗan lokaci idan iskar hunturu tana kaɗawa, don haka dabarar da masu abin suke yi ta ɗiga fenti a kan takarda da aka shimfiɗa bisa jiƙaƙƙen soso ta fi zama dole a nan.

Fentin shi ne yake jan ido, amma wahalar tunani tana cikin awo. Sojan milimita 28 ya yi kusan kashi ɗaya cikin 56 na tsawon mutum. Idan aka auna ƙasa da wannan ma'auni, tebur mai ƙafa shida zai zama fili mai tsawon mita 100 kacal, wanda bai wuce filin ƙwallo ba, kuma harsashin bindigar sojan Turawa ta 1903 zai tsallake shi sau da yawa. Saboda haka dole a yi ƙarya iri uku a lokaci guda, kuma a daidaita su. Soja ɗaya yakan tsaya a madadin mutum 20 ko 50, inci ɗaya na tebur ya tsaya a madadin mita goma ko fiye, zagaye ɗaya kuma ya tsaya a madadin mintoci da dama. Gida ɗaya a kan tebur ƙauye ne, itace uku daji ne. Idan mai tsara ƙa'idoji ya kuskure wajen daidaita ukun nan, sai a ga doki yana isa ga 'yan baka kafin su saki kibiya ko ɗaya, ko kuma su harbe shi sau goma a tazarar da a zahiri zai ci cikin daƙiƙa ashirin.

A nan ne nake ganin ainihin darajar wasan take. Kowace lamba da ke cikin littafin ƙa'idoji da'awa ce game da tarihi. Wanda ya rubuta cewa ɗan lifidi yana tafiya inci takwas, baraden da ba su da lifidi kuma inci goma sha biyu, ya yi hukunci a kan nauyin audugar da aka ɗinke doki da mahayinsa a ciki. Wanda ya ce kibiya tana kashe ɗan lifidi ne kawai idan ɗan lido ya nuna shida, ya yi hukunci a kan amfanin lifidin, kuma sai ya amsa tambayar dafi, tun da kibiyar ƙasar Hausa ba ta buƙatar shiga da zurfi kafin ta yi aikinta. Marubucin tarihi yana iya cewa runduna ta karaya ya wuce abinsa. Mai tsara wasa kuwa sai ya faɗi bayan asarar mutum nawa, kuma ko mutuwar jagora tana gaggauta hakan.

Yaƙe-yaƙe biyu na farkon zuwan Turawa sun isa su gwada kowane tsari. A watan Fabrairu na 1903, bayan faɗuwar Kano, rundunar Kanawa da ke dawowa daga Sakkwato ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wata 'yar ƙungiyar sojan Turawa masu hawan doki kusa da Kwatarkwashi, a Zamfara ta yau. Bisa rahoton Turawan, hafsoshi biyu ne da soja 44, suka sauka daga dawaki suka yi sahu mai kusurwa huɗu, suka tare hare-haren mahaya kusan 1,000 da dakaru kusan 2,000 har tsawon sa'a biyu. Waziri Ahmadu ya rasu a wurin, jagoran Turawan kuma, Wallace Wright, ya sami lambar yabo mafi girma ta sojan Ingila. Shekara uku bayan haka, a Fabrairun 1906, irin wannan runduna ta masu hawan doki ta je Satiru, kudu da Sakkwato, inda talakawa masu gatura da fartanya da baka suka auka mata kafin sahunta ya haɗu, suka kashe Turawa uku da soja 25, suka ƙwace bindiga mai ruwa. Wata guda bayan nan aka dawo da babbar runduna aka rushe garin.

Makamai kusan iri ɗaya ne, horo iri ɗaya, sakamako kuwa ya sha bamban. Ƙa'idojin da suka ba bindiga ƙarfi ƙwarai za su fitar da Kwatarkwashi daidai, amma Satiru ba za ta taɓa faruwa a kan teburinsu ba; waɗanda suka rage mata ƙarfi kuma za su sa Waziri ya ci nasara a kowane zama. Mai tsari nagari sai ya gane cewa abin da ya raba su shi ne lokaci da shiri, wato ko sahu ya rufe kafin mahara su iso, ko dawakin da aka sauka daga kansu suna riƙe ko sun firgita sun tarwatsa masu su. Sai ya sanya wannan a cikin ƙa'ida, ya ce haɗa sahu yana cin zagaye guda, kuma duk rundunar da aka cim mata a tsakiyar haka bindigarta ba ta da amfani. Wanda ya buga yaƙin sau biyar da irin wannan ƙa'ida zai fahimci abin da ya sa hafsoshin Gwamna Lugga suke tsoron sarari mai ciyawa da duhuwa fiye da ganuwa. Zai kuma lura, yayin da yake fentin sojan sahun, cewa fuskokin da ke ƙarƙashin jar dara baƙaƙe ne, domin yawancin sojan Turawan Hausawa ne da Yarabawa.

Ɗan lido yana shigowa ne don abin da kwamanda ba shi da iko a kansa. A dara, kowane ɗa yana zuwa ramin da aka sa shi, kuma duk 'ya'yan ƙarfinsu ɗaya. A fagen fama kuwa manzo yakan ɓata, jarumi yakan ƙi jiran umarni, wani kuma ya tsaya kwasar ganima. Wani sanannen tsari mai suna De Bellis Antiquitatis, wanda ya fito a 1990, ya ba kowane ɓangare rukuni 12, kuma a farkon kowane zagaye ana jefa ɗan lido, lambar da ta fito ita ce yawan motsin da kwamanda zai iya yi. Idan ɗaya ta fito, sai ya zaɓi wuri guda ya bar sauran a tsaye, ko da yana ganin halaka tana tunkaro su.

Irin wannan ƙa'ida ta dace da abin da ya faru a ƙasar Kabi a ƙarshen 1805. Jama'ar Shehu Usmanu, waɗanda suka ci Tabkin Kwatto a watan Yuni na 1804 da ƙarfin 'yan baka da dawaki ƙalilan, suka kuma ci Birnin Kabi a Afrilun 1805, sun sha kashi mai tsanani a Alwasa a hannun haɗin gwiwar Gobirawa da Abzinawa da Kabawa, bayan saɓani ya shiga tsakanin jagororinsu kuma tarbiyyar runduna ta yi rauni. Kwanaki kaɗan bayan haka, waɗannan mutane da aka kora suka tsaya a Gwandu, wadda ba ta da ganuwa a lokacin, suka fatattaki maharan, kuma masana tarihi sun danganta hakan da ƙasa mai duwatsu wadda ta hana dawaki da raƙuma sakewa, ta ba 'yan baka dama. Mai son maimaita waɗannan yaƙe-yaƙe biyu dole teburinsa ya bambanta fadama da fako da tudun tsakuwa, dole kuma ƙa'idarsa ta yarda cewa rundunar da ta gudu ranar Asabar tana iya tsayawa ranar Alhamis idan iyalanta suna bayanta. Ƙa'idojin da aka tsara don yaƙe-yaƙen Napoliyon, inda bataliyoyi ke tafiya sahu-sahu da ganga da albashi, ba za su ɗauki wannan ba sai an yi musu babban gyara.

Sai maganar lissafi, wadda ita ce mafi santsi. Abin da muka sani game da yaƙe-yaƙen jihadi ya fito ne galibi daga Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello da Tazyinul Waraƙati na Abdullahin Gwandu, waɗanda suka halarci fagen da kansu, amma daga ɓangare ɗaya suke. Labarin Gobirawa da Kabawa ya fi zama a bakin maroƙa da makaɗa da dattawan fada. Lambobin Kwatarkwashi kuma daga alƙalamin wanda ya ci nasara suka fito, kuma ba a san hafsan da ya taɓa rage yawan abokan gabansa a rahoto ba. Turawa ma sun sha wannan rigima a gida. Kyaftin William Siborne ya kammala wani katafaren samfurin yaƙin Watalu na 1815 a shekarar 1838, da dubun-dubatar ƙananan sojoji, bayan ya yi watanni yana auna filin ya kuma tattara wasiƙu daga ɗaruruwan hafsoshin da suka yi yaƙin. Samfurin ya nuna sojan Purushiya da yawa sun riga sun iso fagen a lokacin da ake ta ta ƙare, abin da bai yi wa Wellington, kwamandan sojan Ingila a yaƙin, daɗi ba, tun da yana rage wa Ingila kaso a nasarar. Daga bisani Siborne, wanda bashi ya yi masa katutu, ya cire da yawa daga cikinsu. Samfurin yana nan a gidan tarihin soja na Landan. Duk wanda zai jera rundunar Argungu da ta Gwandu a tebur ɗaya ya kwana da sanin cewa yawan sojan da ya ba kowa magana ce da za a yi masa tambaya a kanta.

Tufafi ma haka. Kamfanonin Turai sun cika kasuwa da sojan Napoliyon da na Rum da na Yaƙin Duniya, har da mayaƙan Mahadi na Sudan, waɗanda za a iya gyara su da ɗan ƙwaɓi su yi kama da dakarunmu. Wajen launi, mai fenti zai so ya kwaikwayi hawan salla, kuma lallai a can ne ake ganin lifidi da sulke da kwalkwali a jikin mutum mai rai. Sai dai kayan hawa na yau kayan ado ne, da yadudduka da rini na kanti waɗanda babu su a 1805. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne farin saƙi da ƙura ta rina, da shuɗin baba, da baƙin turkuɗi mai ƙyalli na Abzinawa da manyan garkuwoyinsu na fatar warwaji. Gidan tarihi na Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fada ce, yana ajiye da makamai da tambura na sarakunan Kabi, kuma sa'a guda a cikinsa da littafin zane ta fi hotunan intanet ɗari. Akwai kuma bayanin Clapperton, wanda ya ga rundunar Sarkin Musulmi Bello tana kai wa Gobirawa hari a 1826, ya kuma siffanta 'yan lifidi yadda ya gan su.

Akwai tambayoyi biyu na addini da mai karatu zai riga ya yi, kuma ba daidai ba ne a kauce musu. Ta farko ita ce hukuncin mutum-mutumi, domin malaman Malikiyya sun hana siffar mai rai wadda take da inuwa kuma gaɓoɓinta suka cika, tare da rangwame ga 'yar tsanar yara mata. Ta biyu ita ce ɗan lido, saboda hadisin da ya yi hani ga wasan nardu, wanda ake yi da ɗan lido. Hukunci na malamai ne. Abin da za a iya faɗa ta fuskar wasan shi ne cewa ba ya dogara da ko ɗaya daga cikin biyun: na Purushiya da gutattsarin ƙarfe aka yi shi, kuma kafinta zai iya yanka katako a shafa masa launi a rubuta sunan runduna a kai, sannan tun ƙarni na 19 akwai salon da alƙali masani yake yanke hukunci da iliminsa ba tare da jefa komai ba. Caca kuwa ba ta cikin al'adar wasan.

Abin da ya fi wannan nauyi, a ganina, shi ne cewa wasan yana ba da damar tarihi ya juya. Idan an buga Tabkin Kwatto da gaskiya, wata rana Sarkin Gobir Yunfa zai ci, kuma ba kowane zaure ne zai ɗauki hakan a matsayin darasi ba. Jikokin ɓangarorin biyu suna zaune unguwa ɗaya, kuma gabar Kabi da Sakkwato ba ta kwanta sosai ba sai a 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da bikin kamun kifi ya samo asali daga gare ta. Ga kuma halin da ƙauyukan Zamfara da wasu sassan Kabi suke ciki na hare-haren 'yan bindiga, wanda ya sa kalmar yaƙi ba abin wasa ba ce a kunnen mutane da yawa. Malamin tarihi a makarantar sakandare ko jami'a da ke son gwada wannan hanya zai fi samun sauƙi idan ya sanya ɗalibai su yi musayar ɓangare bayan kowane zama, kuma ya bar siffar Shehu da manyan malamai daga kan tebur, tuta ta wakilce su.

Kafin fenti da ƙa'ida, aikin farko shi ne taswira, kuma hoton tauraron ɗan'adam na yau ba zai wadatar ba. Gulbin Sakkwato da na Rima sun sha sauya hanya a cikin fadamarsu, kuma madatsar ruwa ta Bakolori da ta Goronyo, waɗanda aka gina a ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, sun canza yadda ambaliya take sauka har zuwa Argungu da Birnin Kabi. Dajin da ya ɓoye mahaya a da ya zama gona, wasu garuruwan sun tashi, wasu sun koma bakin titi. Mai shirya teburin Alwasa sai ya nemi tsofaffin taswirorin zamanin Turawa, ya taka wurin da ƙafarsa a watan da aka yi yaƙin, wato bayan ɗaukewar damina lokacin da fadama ba ta gama bushewa ba, ya kuma zauna da dattawan yankin su nuna masa inda mashigin ruwa yake a da da inda kufai yake.